Karatu na Biyu a Zafin Bazara

Tun ranar da Abba ya ce a bar maganar Mai Sanyi, Lauya ba ta ƙara zama a falo ba.

Ba ma faɗa aka yi ba, shi ne abin da ya fi ci mata rai. Kiranta ya yi da yamma, ya zare tabarau ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Maganar yaron nan mai gyaran firji, a bar ta. Ba zan ba shi ke ba."

"Abba, me ya yi?"

"Bai yi komai ba."

"To me aka ce ya yi?"

"Lauya, nan ba kotu ba ce. Tashi ki je."

Tun tana 'yar mitsitsiya sunan ya bi ta, don ko aikenta aka yi sai ta tambayi dalili. Yanzu ta doshi shekara talatin, malama ce a makarantar 'yan mata, ɗalibai suna rusuna mata, amma da ta shigo gida ta koma Lauya.

Abin mamakin, Abban ne da bakinsa ya ce wa Mai Sanyi ya turo manyansa. Shi yake sa a fito masa da kujera in ya zo, su zauna suna hira har ta ƙosa ta leƙo. Shi kuwa Mai Sanyin, da ta kira shi tana kuka, cewa kawai ya yi, "Malama, ki bi maganar mahaifinki." Daga nan bai sake ɗaga wayarta ba.

Sai aka yi hutun makaranta, bazara ta kankama.

Zafi ake zabgawa irin wanda ko tsuntsu ba ya son tashi. Bango zafi, katifa zafi, ruwan famfo kamar yanzu aka sauke shi daga murhu. In an kawo wuta fanka ta juya iska mai ɗumi, in an ɗauke kowa ya nemi kwali yana fifita.

Cikin wannan zafin Manaja ya ɓullo. Ɗan aminiyar Gwaggo ne, ita Gwaggo yayar Abba ce. A banki yake aiki, fara'a gare shi, ba ka da abin da za ka nuna ka ce ga aibunsa. Zuwansa na biyu sai ga iyakwandishan sabuwa dal da janareta, aka kafa a falo. Gwaggo da ta zo da niyyar kwana biyu, tuni ta aika aka kawo mata sauran kayanta.

Lauya kuwa ta ƙi sanyin. Ɗakinta ta rufe kanta, ita da kwalin littattafai.

Littattafan Tsoho Mai Ƙofa ne. Labarin wani birni mai ganuwar dutse, can a wata ƙasa mai sanyi, shekaru ɗari bakwai da suka wuce, zamanin takobi da fitilar kitse, inda ƙanƙara take toshe hanya wata da watanni. Tsohon gurgu ne, aikinsa buɗe ƙofar birni da asuba da rufe ta in rana ta faɗi. Duk gawar da aka tsinta, a rijiya ce ko a rumbun hatsi, ƙarshe wajensa ake komawa, don babu mai shiga ko fita bai gan shi ba.

Su ne ma suka haɗa ta da Mai Sanyi. Ya zo gyaran firjin ofishin malamai, ta hango ɗaya a jakarsa tsakanin sukundireba da filaya, ta kasa haƙuri ta tambaya.

Ta karance su tas tuntuni, ta san yadda kowanne ya ƙare. Duk da haka ta sake farowa daga na ɗaya. Sai ta jiƙa tsohon zani ta shimfiɗa a siminti, ta kwanta a kai, gumi yana ɗiga daga haɓarta, alhali a cikin littafin masu gadi suna hura hannu suna kukan sanyi.

A haka Gwaggo ta turo ƙofa wata rana da azahar.

"Ke kam ko gyaɗa ce ai kin soyu. Ga sanyi can an kawo dominki, mu ne muke sha, ke kina nan kina gasa kanki a kan labarin matattu."

"Gwaggo, nan ma ƙanƙara ake yi. Mutum biyu har sun daskare."

"Allah ya shirye ki." Ta zauna a bakin gado tana fifita da gefen mayafi. "Zancen da ya kawo ni, kawunnan yaron nan suna son zuwa gaishe da ubanki. Yau ko gobe."

"Gaisuwa?"

"Gaisuwa mana. Haramun ce?"

"Abba ya ce ba zai min dole ba."

"Wa yake zancen dole? Shekaru ne za su yi miki dolen, ba ubanki ba. Ƙannenki biyu suna ɗakunansu, ke kina rungume da takarda. Littafi ne zai aure ki?" Muryarta ta yi ƙasa. "Uwata, ni fa ba ƙinki nake ba. Wanda kike yi dominsa ko leƙowa ya yi? Namijin da yake so, in an kore shi ta ƙofa ta taga yake dawowa. Wannan ko tari bai yi ba. Wa ya sani ma ko wata ya hango ya tsere, mai baƙin mai a farce kawai, mayaudari…"

"Yaya!"

Abba ne a bakin ƙofa, da buta a hannu, zai wuce alwala. Lauya ba ta taɓa jin ya ɗaga wa yayarsa murya ba.

"Kada ki ƙara zagin yaron nan a gidana. Wallahi ya fi da yawa daga cikinmu mutunci."

Ya wuce. Gwaggo ta riƙe haɓa, ta bi bayansa da kallo, sannan ta tashi tana mita ta koma wajen sanyinta.

Lauya ta daɗe zaune, littafi a cinya.

Mutumin da ka hana 'yarka, kai ne kuma mai kare masa mutunci? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ta koma kan karatun don ta kori tunanin, sai karatun ya ƙara jawo shi. Littafi na huɗu take, na masaƙin da ya ɓace a tsakiyar hunturu. A karatun farko gudu ta yi ta yi, tana zargin ƙaninsa, tana zargin maƙwabcinsa, ba ta ga komai ba sai da aka faɗa mata a ƙarshe. Yanzu da ta san ƙarshen, sai ta ga ashe marubucin bai ɓoye komai ba. Tun a shafukan farko ya nuna masaƙin yana mayar da tsanin da ya ara, yana ba wa 'yar maƙwabta karensa. Ita ce dai ba ta tsaya ta duba ba.

Ta zo inda alƙalin birnin yake ta kama mutane, Tsoho Mai Ƙofa yana zaune yana gasa ƙafarsa a wuta, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, mutumin da za a sace ba ya kyautar da karensa. Wannan da ƙafarsa ya tafi."

Ta sauke littafin a hankali. Idonta ya sauka a kan kwalin.

Mai Sanyi ba ya ba da aron littafi biyu a tare. Ko ita, sai ta dawo da ɗaya yake ba ta na gaba, a naɗe cikin leda, har da gargaɗin kada a lanƙwasa shafi. Amma ana saura 'yan kwanaki Abba ya kira ta, sai ga shi da kwalin gaba ɗaya a ka. Wai gara ta shiga shagonsa.

Ta jawo kwalin ta zazzage. Ta duba gindinsa, ta duba bangon kowane littafi. Ko alamar cizon gara babu.

Ƙirjinta ya fara bugawa, amma ba irin bugun kwanakin nan na kuka ba. Wannan irin wanda take ji ne in saura shafi kaɗan a gano mai laifi.

Gwaggo ba ta san dalili ba, da ta sani ba za ta tsaya canki-canka ba. Manaja kuwa sai bayan an gama komai ya zo. Saura mutum ɗaya da Abba ba ya ɓoye wa magana.

Ta sami Umma a kicin tana yanka albasa, fuska sharkaf da gumi.

"Kawo in taya ki."

"Yau kuma? Lallai za a yi ruwa."

Lauya ta karɓi wuƙar. Ta yanka ɗaya, ta yanka biyu, sannan ta ce kamar ba da wata manufa ba, "Umma, na haƙura da shi. Gwaggo ta yi gaskiya. Mutumin banza ne, tunda ko waiwaye bai yi ba. Ni Allah ya isa ma zan yi masa."

"Kul!" Umma ta juyo da sauri har ludayi ya faɗi. "Kada ki soma. Bawan Allah da abin da yake damunsa? Ke dai ki ce Allah ya ba shi lafiya."

Lauya ta ajiye wuƙar.

"Lafiya, Umma?"

"Haka… haka ake cewa ai."

"Ba haka ake cewa ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa ake cewa. Me yake damunsa?"

Umma ta sunkuya ɗaukar ludayin, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago idonta ya kaɗa.

"Albasar nan da yaji take. Lauya, don girman Allah ki ƙyale ni. Alkawari na ɗauka wa ubanki, shi ma alkawari ya ɗauka."

"Wa ya ɗauka wa?"

Umma ta juya mata baya.

Ta koma ɗaki ta zauna a kan zanin da tuni ya bushe. Yadda ta yi wa littafin, haka ta yi wa watannin da suka wuce: ta koma farko, ta bi su a hankali.

Ranar da ta ɗaga masa hannu a bakin titi, yana tafe kusa da ita har tana jin ƙamshin sabulunsa, ya wuce bai kula ba. Ta yi fushin kwana biyu, ya ce tunani ne ya yi masa yawa.

Babur ɗinsa da ya sayar, wai tafiyar ƙasa ta fi lafiya. Cikin wannan zafin rana.

Kofin ruwan da ta ajiye masa a gefe, ya yi fatali da shi da gwiwar hannu. Ba sau ɗaya ba.

Zuwansa da ya dawo da shi da rana tsaka, shi da ya saba zuwa bayan ya rufe shago.

Sai kuma karatun. Duk zuwan da ya yi a ƙarshe sai ya miƙa mata littafi ya ce, "Karanta min, Malama. Tsohon nan ya fi daɗi a bakinki." Ita kuwa sai daɗi ya kama ta, ta yi ta rangaɗa murya, shi yana zaune ido a rufe.

Ta dafe baki da hannu biyu.

Ba ta san lokacin da ta zura takalmi ta ja mayafi ba. Ta ƙofar baya ta fita, don ta falo sai an wuce Gwaggo.

Rana ta take, kwalta tana narkewa tana kama takalmi. Shagonsa yana can ƙarshen layin masu walda, matattun firji jere a ƙofarsa kamar masu jiran likita, fankoki marasa kai a jingine da bango. Wannan ne lokacin da ya fi samun aiki a shekara, amma kayan da suka taru sun nuna hannun mai shagon ya yi sanyi.

Yana zaune a kan benci, bayan wani firji a buɗe a gabansa. Ba duba wayoyin yake da ido ba. Da yatsu yake bin su, ɗaya bayan ɗaya, kansa a ɗage kamar mai sauraron wani abu. Ya rame.

Ta tsaya daga gefensa, inda ko yaro zai gan ta da wutsiyar ido. Ta ɗaga hannu ta kaɗa. Bai motsa ba.

Ta matsa ta tare hasken ƙofa. Sai a lokacin ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, yana ƙanƙance ido.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Firji ne ko fanka? Sai dai aiki ya min yawa, in na gaggawa ne…"

"Ba gara a cikin kwalin nan."

Filayar da ke cinyarsa ta faɗi ƙasa.

"Malama."

"Na duba su ɗaya bayan ɗaya. Babu gara."

"Bai kamata ki zo nan ba. Abba ya…"

"Kai ka je wajen Abba. Ba wanda ya kai ƙararka, kai ka kai ƙarar kanka. Ƙarya na yi?"

Ya sunkuya yana laluben filayar. Tana kusa da ƙafarsa ta dama, shi yana nema ta hagu. Ta tsaya tana kallo, hawaye suna zubo mata, ta ƙi taimaka masa, shi ma ya ƙi tambaya. Daga ƙarshe ya haƙura ya ɗago.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa min. Kai ka ba ni littattafan da suka koya min. Tun yaushe?"

Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa.

"Tun bara na fara zargi. Bana likita ya tabbatar. Jijiyar idon ce take mutuwa, daga gefe take cinyewa tana shigowa tsakiya. Yanzu in ina kallonki, kamar ta cikin bututu nake leƙe. Fuskarki kawai, ita ma sai na daidaita. In na fito daga rana na shiga inuwa, sai na jima ban ga komai ba."

"Magani fa?"

"Akwai na ɗigawa. Ya ce zai iya riƙe abin da ya rage, wataƙila shekaru, wataƙila ba haka ba. Wanda ya tafi dai ya tafi."

"Shi ne ka je ka ce a hana ka ni."

"Gaskiya na je na faɗa masa. Ba zan karɓi 'yar mutane a rufe ba. Ya ce in dai kin ji kin yarda shi ba zai hana ba. Ni na roƙe shi. Na ce kada ya faɗa miki, ya ce kawai ya fasa."

"Saboda me?"

"Saboda na san ki! Da kin ji, cewa za ki yi kin yarda. Ko ba kya so za ki ce kin yarda, don kada a ce kin gudu."

"Au, har abin da zan ce ka sani? To me ya rage min? Kai ne mai ƙara, kai ne shaida, Abba alƙali, an yanke hukunci an tashi, ni da ake shari'ar a kaina ko sammaci ba a aiko min ba!"

"Malama, ki rage murya, maƙwabta…"

"Su ji! Ka san yadda na yi kwanakin nan? Na zargi Gwaggo. Na zargi Manaja, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Na zargi kaina, ina cewa ko wata magana na faɗa, ko tambayoyina ne suka ishe ka. Ubana da ban taɓa kwana da fushinsa ba, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wannan ne tausayin naka?"

Ya sunkuyar da kai. 

"Babana da wannan ciwon ya mutu. Ban taɓa faɗa miki ba. Ina ɗan shekara tara ya daina gani. Ni nake riƙe masa sanda. Na ga yadda mahaifiyata ta koma, ita ce miji ita ce mata, wankau, ɗinki, duk abin da ta samu. Ba ta taɓa ƙorafi ba, shi ya fi ciwo. Tana da shekara arba'in ka ce ta yi sittin. Ranar da likita ya gama magana, ba duhun na fara tunawa ba, hannunta na tuna." Ya share ido da bayan hannu, baƙin mai ya shafe masa kunci. "Ba zan mayar da ke haka ba. Na ji labarin Manajan nan da yake zuwa. An ce mutumin kirki ne. Ki aure shi."

"Ka taɓa tambayarta?"

"Wa?"

"Mahaifiyarka. Ka taɓa tambayarta ko ta yi nadama?"

Ya juya tsumman a hannunsa.

"Ba ka tambaya ba. Ita ma ka yanke mata, yadda ka yanke min." Ta ja wani tsohon gwangwanin fenti ta zauna a kai, ta share fuska da mayafi. "Saurara. Ban zo in ce maka na yarda ba."

Ya ɗago da sauri.

"Eh. Ba ka zaci haka ba ko? Ban san me zan ce ba tukuna. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ina so in ga likitan nan da kaina, ina da tambayoyi, sai ya gaji da ni. Ina so in san wane aiki hannunka zai iya in idon ya tafi, don na ga yanzu ma ba da ido kake bin wayoyin nan ba. Ina so in zauna da mahaifiyarka, mu biyu, ba kai. In na gama, in na ce eh, tawa ce. In na ce a'a, ita ma tawa ce, kuma a fuskarka zan faɗa. Amma ba za a aurar da ni ga wani a kan ƙarya ba, ko da ƙaryar ta ƙauna ce."

"In kika ce a'a bayan kin sani," ya ce a hankali, "ya fi wannan ciwo."

"Na sani. Ashe ba ni kaɗai kake karewa ba."

Wani ɗan murmushi mai ɗaci ya kuɓuce masa.

"Wanda ya sa miki Lauya bai yi ƙarya ba."

"Tashi ka rufe shago. Alkawarin da ka ɗora wa Abba ya yi masa nauyi, yau har yayarsa ya yi wa tsawa saboda kai. Kai ka ɗaura, kai za ka je ka kwance."

"Yanzu?"

"Da sauran rana. Ko ka fi son sai ta faɗi?"

Ya wanke hannu da fuska a bokiti, ya canza riga, ya laluba ya sa kwaɗo. Suka kama hanya, tana gaba kaɗan yana biye. Da farko ba ta ce komai ba, sai da ta ji ya yi tuntuɓe da wani dutse. Daga nan, ba tare da ta waiwaya ba, ta riƙa magana ƙasa-ƙasa kamar mai hira da kanta.

"Kwata a hagunka."

"Na gan ta."

"Ba ka gan ta ba. Ga mai kura nan tafe, matso dama."

Ya matsa. Wani wuri ma har ya ce, "Sai ina?" Ta ji maganar ta soke ta a ƙirji, ta haɗiye, ta ce, "Miƙe kawai."

Suna karyo kwanar layinsu ta tsaya cak.

Motoci biyu ne a ƙofar gidansu, ɗaya ta Manaja. A ƙarƙashin rumfar ƙofar gida an jera kujeru, dattawa uku cikin manyan riguna suna zaune, Manaja yana tsaye daga gefe yana murmushi, Abba a tsakiya. Gwaggo tana leƙe ta labulen taga.

"Me ya faru?" in ji Mai Sanyi. "Me ya sa kika tsaya?"

"Baƙi ne. Mutanen Manaja."

"To in koma. Malama, ba yau ba, kada mu kunyata shi a gaban mutane."

Kafin ta ba shi amsa Abba ya ɗago ya hango su. Ya dube ta, ya dubi wanda ke bayanta, ya miƙe tsaye a hankali. Dattawan suka waiwayo. Komawa ta gagara.

Mai Sanyi ya yi ta maza ya wuce gaba. Ya fito daga tsakiyar rana ya shiga inuwar rumfar, ya yi sallama da murya mai ƙarfi, ya rusuna, ya miƙa hannu biyu.

Ba Abba ya miƙa wa ba. Ginshiƙin rumfar ya miƙa wa, Abba yana can gefe guda.

Murmushin Manaja ya ɗauke. Labulen taga ya daina motsi. Hannuwan suna nan a miƙe a iska, mai su ya gane abin da ya faru. Lauya ta cije leɓe har ta ji ɗanɗanon jini, ta buɗe baki za ta ce masa dama.

Abba ya riga ta. Ya tako da kansa, ya kama hannuwan biyu ya riƙe gam, ya amsa sallamar. Bai saki ba. Ta saman kafaɗar Mai Sanyi ya dubi 'yarsa, ya ga idonta, ya gane babu sauran abin ɓoyewa. Ta ga ƙirjinsa ya sauka kamar wanda aka sauke wa buhu.

Babban cikin dattawan ya yi gyaran murya.

"Malam, wannan fa? Ɗan gida ne?"

Abba ya juyo gare su, hannun Mai Sanyi har yanzu a cikin nasa.

"Ku gafarce ni," ya ce. "Akwai maganar da ya kamata in faɗa muku tun kafin ku zauna. Wannan ya riga ku zuwa. Kuma mai maganar ba ta yi magana ba tukuna."